Yarinyar da ba ta neman komai: yadda aka sake wa wani fim ɗin katun zubi a Agege

A minti na bakwai yaran suka fara watsewa, kuma a daidai wurin da ɗan yayata ya fi zuba wahalarsa. Tauraruwar fim ɗin na zaune a gaban danfo, bas ɗin haya na Legas, motar na bin doguwar gadar Third Mainland, rana na faɗuwa a kan ruwa, ga gidajen Makoko can ƙasa tsaye kan sanduna, masunta na tura kwale-kwale. Sati bakwai ya yi yana zana wannan minti ɗaya da rabi. Wani ɗan shekara shida ya miƙe ya ce fitsari yake ji, ya fita bai dawo ba. 'Yan mata biyu da ke kan tabarmar gaba suka juya wa hoton baya, suka shiga hirar ɗinkin Sallah. Kafin motar ta sauka daga gadar, rabin tabarmar ya koma kallon ƙwarin da ke yawo cikin hasken majigi.

Iyayen da ke kan benci a baya kuwa sai gyaɗa kai suke yi. "Masha Allah, wai yaranmu ne suka yi wannan?" Wannan bambanci tsakanin tabarma da benci shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru, don na san akwai matasa da yawa a Kano, Kaduna, Jos da nan Legas da suka ɗauki wannan hanya ta zane mai motsi, kuma ramin da muka faɗa yana gabansu.

Su wa suka yi aikin

Mutum uku ne. Ɗan yayata, wanda da rana yake gyaran waya a Computer Village ta Ikeja, da dare ya zauna gaban kwamfuta. A intanet ya koyi aikin, yana amfani da Blender, manhajar da ba a biyan kuɗinta. Sai abokinsa mai haɗa sauti, wanda ke ɗaukar muryoyi cikin wani ɗaki da ya liƙe wa bango da kwalin ƙwai. Ta ukun wata budurwa ce 'yar unguwa, ita ke shafa launi, ita ce kuma muryar tauraruwar. Kuɗin mai na janareta da hayar ɗaki wani Alhaji ne mai fataucin dabbobi ya ɗauka, bisa sharaɗi ɗaya: fim ɗin ya zama na tarbiyya, wanda uba zai zauna da 'ya'yansa su kalla ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Ni malamin Hausa ne a wata makaranta a Zangon Agege. Ban iya zana ko kaza ba, amma na yi shekaru ina koyar da jigo da zubi da tsari da taurari, kuma na fi shekara ashirin ina yi wa yara tatsuniya. Ba a neme ni ba sai da aka yi wata biyar ana aiki, lokacin da suke son wurin da za su gwada fim ɗin a gaban yara. Na nemo musu farfajiyar wata Islamiyya, muka rataye farin zanin gado a bango bayan sallar isha'i.

Ya kamata mai karatu ya san tsadar wannan sana'a kafin ya fahimci zafin abin. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu sukan rage, su bar kowane zane ya tsaya sau biyu, ya zama 12. Minti ɗaya ke nan zane 720, fim na minti 20 kuma 14,400. Akwai dabarun ragewa, kamar a tsayar da jiki a motsa baki kaɗai, amma duk da haka mai fim ɗin 'yan wasa na iya ɗaukar fitowa biyar a wuni ya zubar da uku, mai katun kuwa in ya zubar da minti ɗaya ya zubar da wata guda na rayuwarsa. A daren gwajin suna da minti huɗu da aka gama tsaf da launi, sauran kuma ɗanyen zane ne baƙi da fari da aka ɗora wa murya.

Labarin yadda yake da farko

Auta, 'yar shekara tara, ta biyo mahaifinta daga wani ƙauye kusa da Maigatari a tirelar raguna, tafiyar sama da kilomita dubu, don ta yi Babbar Sallah wurin goggonta a Agege. Suna sauka cunkoso ya raba su. Wani mai shayi ya tsince ta, ya ba ta burodi, ya yi mata nasiha kan gaskiya, ya haɗa ta da wani kwandasta. Kwandasta ya kai ta Oshodi, ya yi mata nasiha kan neman na kai. Wata Bayarbiya mai kayan miya ta kai ta kasuwar Mile 12, ta nuna mata Bahaushe da Bayarbe na ciniki cikin raha. Daga nan gada, daga nan Idumota, daga nan Obalende. A ƙarshe wani dattijo ya gane karin harshenta, ya kira wani, wani ya kira wani, aka mayar da ita Zango. Uba ya rungume ta ya yi jawabi kan zaman lafiya.

Niyyar a fili take, kuma kyakkyawa ce. Ɗan yayata a Legas aka haife shi, yana jin ciwon yadda 'yan'uwanmu a gida ke ɗaukar Ikko garin ɓarayi da 'yan agbero, wato 'yan tasha, kawai. Da Disney ta fitar da Iwájú a 2024, shirin katun da aka gina a kan Legas ta nan gaba, sai ya ƙudura cewa shi zai zana Legas ta yau, da idon Bahaushe. Garin ya so ya nuna. Yarinyar kuwa ya ɗauke ta ne kamar fitilar hannu da zai haska unguwanni da ita.

Da aka kunna fitila bayan an gama, na tambayi yaran da suka rage me suka gani. Suka lissafa: danfo, raguna, mai shayi mai ƙaton hanci. Sai wata 'yar aji uku ta ɗaga hannu kamar a makaranta.

"Malam, ita yarinyar me take nema?"

Ɗan yayata ya ce babanta take nema mana.

"To ai ba ta neme shi ba. Ko kuka ba ta yi ba."

Inda ɗakin ke yoyo

Washegari ya zo gidana yana cewa matsalar ɗanyen zane ce, yara ba su saba kallon baƙi da fari ba, kuma da yana da kwamfuta mai ƙarfi da abin ya fi haka. Na tuna masa cewa a wurin da aka gama da launi suka tashi. Na kuma ba shi labarin Moustapha Alassane na Nijar, wanda tun shekarun 1960 ya yi katun da kwaɗi zanen layi kawai, ba kwamfuta, kuma har ya rasu a 2015 ana gayyatarsa ƙasashe saboda su. Bai ji daɗi ba. Na ce masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ya kawo mini labarin gaba ɗaya a rubuce, kowace fitowa a katinta.

Kati goma sha bakwai ya kawo, yankakken kwalin indomi ne. Muka shimfiɗa su a tsakar ɗaki. Na ce ya fita ya sayo mana ruwa. Kafin ya dawo na ɗauki katin Mile 12 na mayar bayan Obalende, na kawo gada gaban Oshodi, na cire Idumota na sa a aljihu. Da ya dawo na ce ya ba ni labarin yana bin katunan. Ya bayar tiryan-tiryan, sai da ya kusa ƙarshe ya tsaya.

"Kawu, an taɓa katunan nan."

An taɓa, amma babu abin da ya karye. Wannan ita ce cutar. Labarin da aka ƙulla, in ka zare fitowa ɗaya, ta gaba sai ta rasa dalilin zuwanta, kamar ka zare bulo daga tsakiyar gini. Nasa kuwa jere ne irin na kayan tireda, ko'ina ka ajiye gwangwani ya zauna. Na lura kuma duk gaɓar da ya zo sai ya ce "daga nan sai". Daga nan sai ta haɗu da wane, daga nan sai aka kai ta wuri kaza. Ko sau ɗaya bai ce "saboda ta yi kaza" ba.

Ya ce ai tatsuniya ma haka take, sai, sai, sai. Nan muka daɗe, don tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne bakin mai tatsuniya cike yake da "sai". Amma a ɗauki Gizo da hankaki. Ana yunwa, hankaki na zuwa cin ɓaure a tsakiyar kogi, Gizo ya lallaɓe su suka ara masa fukafukai, ya je ya hana su ci, kowane ɓaure ya ce shi ya riga gani, suka tsige gashinsu suka bar shi a kan itace. Kowane "sai" a nan kwaɗayin Gizo ne ya haife shi. Yaro ɗan shekara huɗu ya san abin da Gizo ke so tun kafin a gama cewa "ga ta nan ga ta nanku". Abin da yake jira ya gani shi ne ta ina zai bi, kuma ta ina asirinsa zai tonu. Ba a taɓa ɗaukar Gizo a kai shi yawon buɗe ido ba. Shi ke jawo wa kansa, shi ke fitar da kansa, ko ya kasa.

Auta fa? A kati goma sha bakwai, sau nawa ta yanke shawara? Muka ƙirga. Sau ɗaya, lokacin da ta zaɓi shayi mai madara a kan baƙi. An tsince ta, an kai ta, an nuna mata, an mayar da ita. Mutanen da ta haɗu da su ma babu mai son komai a wurinta ko a wurin kowa. Kowannensu bakin Alhaji ne aka ba shi riga daban. Manya na iya zama su saurari nasiha don sun yarda da ita tun kafin a faɗa, abin da ya sa benci ke gyaɗa kai ke nan. Yaro ba ya zama don ya yarda da magana. Yana zama ne in akwai abin da yake tsoron kada ya faru.

Sabon ƙulli

Sharaɗin da na kafa musu guda ɗaya ne: burin yarinyar ya zama abin da za a iya zanawa, wanda yaro zai nuna da yatsa. Zaman lafiya ba ya zanuwa. Mai launi ce ta gano shi, kuma tun farko yana cikin fim ɗin ba su lura ba. A fitowar tirela ta zana wani rago mai baƙin kunne ɗaya yana ɗora kai a cinyar Auta, don kawai ta cike hoton. "Malam, in ragonta ne fa? Ita ta yi kiwonsa."

Daga wannan tambaya komai ya tashi. Ita ta ba shi dusa da harawa tun yana ɗan tunkiya. Ta ɗauka rakiya ya yi musu. Suna sauka a Agege ta ga an shafa masa fenti a gadon baya kamar sauran, ta gane na sayarwa ne. Da dare, kowa ya yi barci, ta kwance shi daga turke da hannunta don ta ɓoye shi a gidan goggo. A bakin titin jirgi, jirgin ƙasa ya yi kuka, ragon ya firgita ya fizge igiya ya ɓace cikin duhu. Duk wannan a cikin minti huɗu da rabi na farko. Yanzu ba ɓata ta yi ba, ita ta ɓatar.

Uban ma ya samu buri, kuma burinsa na karo da nata ba tare da ya zama mugu ba. Ya jinginar da gonarsa ya sari raguna goma sha biyu, na goma sha ukun shi ne na Auta. Wanda ya karɓi jinginar zai juya Arewa da zarar an sauko daga Idi. Mai haɗa sauti, wanda ya taso cikin masu dabbobi a Oko-Oba, ya kawo dabarar da na fi so a aikin duka: a riƙa komawa wurin uban, kowane komawa turke ɗaya ya zama wayam. Yaron da bai san agogo ba ya san ƙirga turaku. Lokaci ya zama abin gani.

Tsakiyar labarin ta ba mu wuya fiye da ko'ina. Yarinya na bin rago minti ashirin, ko da gudu ne da faɗuwa, zai gundura. Abin da muka yi shi ne muka bar burin yadda yake muka juya dalilinsa. Da asuba Auta ta dawo a ɓoye, ta laɓe bayan buhunan harawa, tana tsoron faɗa. Ta ga abu biyu. Ta ga an titsiye almajirin da ke gadin dabbobin ana ce masa ɓarawo, yana rantsuwa yana kuka. Ta kuma ga mahaifinta ya koma gefe ya ƙirga kuɗi sau uku, bai cika ba, ya cire hula ya dafa turken da ba komai. Kafin nan tana neman ragon ne don ta hana a sayar. Daga nan tana nemansa don ta dawo da shi a sayar. Ƙafafunta hanya ɗaya suke bi, zuciyar ce ta juya.

Abu biyun nan da gangan muka haɗa su. Jinginar gona ta benci ce, kowane magidanci a Zango ya san wanda ta ci. Almajirin da ake zargi da laifin da ba nasa ba na tabarma ne, babu yaron da bai san wannan zafin ba. Fim ɗin iyali a ganina haka ya kamata ya ɗauki kaya, fitowa ɗaya ta riƙe uba ta gefe guda ta riƙe ɗa ta wani gefen, ba a raba musu minti-minti ba.

Mun yi gardama kan ko a nuna maganar gonar tun farko ko a ɓoye sai tsakiya. Masu katun ɗin Finding Nemo na 2003, labarin wani kifi da ke neman ɗansa, sun taɓa shiga irin wannan: da farko sun rarraba labarin mutuwar uwar a cikin fim ɗin kaɗan-kaɗan, sai uban ya fito a matsayin mai takura marar dalili, suka dawo da abin gaba ɗaya farkon fim. Mu tsaka-tsaki muka bi. A minti na biyu masu kallo na ganin uban yana dangwala yatsa a takarda, Auta na waje tana wasa da rago. Manya sun gane, ita ba ta sani ba, saboda haka ba wanda ya tsani uban, kuma ana jiran ranar da za ta gano.

Daga mutanen da ke cikin tsohon labari, uku suka tsira, kowanne da abin da yake so. Mai kayan miya, alal misali, yanzu ragon ne ya cinye mata rabin tiren alayyafo, ta ɗaure shi a ƙafar tebur ta ce sai an biya. Auta ba ta jin Yarbanci, Iya ba ta jin Hausa. Da hannu da ido suka yi cinikin, yarinyar ta share rumfa, ta ɗebo ruwa, bai isa ba, ta ciro takalmin Sallarta daga leda ta ajiye. Iya ta dube shi, ta dubi ƙafar yarinyar da ƙura, ta kwance ragon, ta kuma tura mata takalmin. Babu kalma ɗaya a kan zaman tare a fitowar, kuma ta faɗi abin da tsohon jawabin ya yi minti biyu yana nema.

Sai gadar. Yarinya 'yar shekara tara da ke bin rago a ƙafa ba ta da abin yi a Third Mainland. Sabon labarin duka bai wuce tsakanin turakun dabbobi, titin jirgi da ƙarƙashin gadar Pen Cinema ba. Na bar shi kwana uku yana neman ƙofar da zai shigo da ita. Ya ce a mafarki fa? Ya ce a sa ragon ya shiga mota? Mai launi ta gaya masa cewa masu katun ɗin Zootopia sun sauya babban tauraronsu daga dila zuwa zomo saura shekara ɗaya da 'yan watanni fim ɗin ya fito a 2016, suka zubar da aiki mai yawa. Ya ce su suna da ɗaruruwan ma'aikata, shi yatsu goma gare shi. Gaskiyarsa ce, kuma ban da amsar da za ta rage masa zafi. Daga minti huɗun da aka gama, daƙiƙa hamsin na tirela kaɗai suka shiga sabon fim ɗin. Da an shimfiɗa katunan nan a wata na farko, da kwali kawai za a yaga. Tun ran gini ake zane.

Zama da Alhaji

Mun kai masa labarin a rumfarsa bayan la'asar. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce:

"Malam, ni kuɗina na bayar a koya wa yara biyayya. Ka kawo mini yarinya tana kwance dabbar ubanta da dare. Gobe jikata ta gani ta kwaikwaya, wa zan kama?"

Ban ɗauki maganarsa da wasa ba, kuma har yanzu ban ɗauka ba. Tsoro ne na gaske da iyaye da yawa ke da shi game da abin da 'ya'yansu ke kallo a waya. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Alhaji, wace tatsuniya kakarka ta yi maka da ba a yi laifi a cikinta ba? Ta Kitse an ce kada a sa ta aiki a rana, aka sa ta. Da ba a sa ta ba, da babu abin da za ka tuna yau." Yarinyar da ba ta taɓa kuskure ba, ba ta da abin da za ta koya, mai kallonta ma haka. Abin dubawa shi ne ko labarin ya sa ta biya kuɗin laifinta a gaban ido, kuma ya biya: ta ga hawayen almajiri, ta tsaya gaban dattawan kasuwa ta ce "Baba, ni ce na kwance shi."

Ya yarda da wannan, amma ya kawo wani abin da ni ban hango ba. Ya ce layya ibada ce, kada fim ya sa yaro ya riƙa ganin mai yanka a matsayin azzalumi. Wannan ya taɓa ƙarshen labarin kai tsaye. Mai haɗa sauti ya riga ya kawo mafita: ragon ya ji ciwo a ƙafa wurin gudu, tun da dabba mai bayyanannen gurgunta ba ta layya, sai a fasa saye, ya koma gida da Auta. Hukuncin daidai ne, amma na ƙi. Sa'a ce za ta warware abin da yarinya ta ƙulla, uban ya rasa gona, kuma saƙon da zai zauna a kan yaro shi ne an kuɓutar da rago daga layya, abin da Alhaji ke gudu ke nan. Muka tsaya a kan cewa ita da hannunta za ta miƙa igiyar ga mai saye, wani tsoho da ya yi wata da watanni yana tara kuɗin ragon Ileya, wato Babbar Sallah a bakin Yarbawa. Alhaji ya nemi uban ya yi 'yar nasiha a wurin. Muka roƙe shi ya bari a gwada ba magana tukuna. Uban zai durƙusa ne ya kwance ƙaramar ƙararrawar da ke wuyan ragon ya damƙa mata.

Gwaji na biyu

Bayan sati shida muka koma farfajiyar nan. Wannan karon kusan komai ɗanyen zane ne, wasu wuraren ma ragon da'ira ce mai ƙafa huɗu da baƙin kunne. Minti goma sha takwas. Da Auta ta kai hannu kan igiya cikin dare, wani yaro ya ce da ƙarfi, "Kar ki kwance!" Da aka koma wurin uban, sai na ji ana ƙirga turaku a tabarma, "saura huɗu", "saura uku". Lokacin da aka kama almajirin, 'yar aji ukun nan ta miƙe tsaye tana cewa ba shi ba ne. Yara biyu ƙanana sun yi barci, ɗaya ya fita. A benci babu "Masha Allah" ko ɗaya, shiru ne, kuma na ga wani magidanci ya daɗe yana kallon ƙasa bayan fitowar ƙirga kuɗi.

Gwajin ya nuna mana rauni biyu. Fitowar kwandasta har yanzu tana ja, don ko an cire ta labarin bai rasa komai ba, an cire ta. Sannan ikirarin Auta ya zo da sauƙi, dattawa sun yafe nan take, almajirin ya ɓace daga hoto kamar ba a yi masa komai ba. Yaran ne suka tambaya ina yake. Yanzu an ƙara wurin da take zuwa ta same shi ita kaɗai, shi kuma bai amsa mata da wuri ba.

Alhaji ya janye maganar nasiha. Abin da ya rage shi ne hoton ƙarshe, kuma a kansa mun rabu biyu. Da Auta ta miƙa igiyar, yara uku sun yi kuka sosai, wata uwa ta ce mana an yi wa ƙanana nauyi. Mai launi na son a ƙara daƙiƙa talatin: an koma ƙauye, damina ta sauka, uban na huɗa a gonarsa, Auta na ɗaura ƙararrawar a wuyan wani sabon ɗan rago. Ni ina ganin a tsaya a tirela tana komawa Arewa wayam, yarinyar na riƙe da ƙararrawa a tafin hannu, don sabon rago zai sa a ji kamar abin da ta bayar ba shi da tsada. Ita kuma ta ce, "Malam, kai kana tunanin 'yan shekara tara ne, ni ina tunanin ƙannensu da za a kwantar bayan an kashe waya." Ɗan yayata ya zana duka biyun a ɗanye, katunansu na manne a bango gefe da gefe. Ranar Asabar za mu ɗauki majigi da zanin gado mu tafi Idi-Araba, wurin yaran da ba su taɓa ganin fim ɗin ba, a nuna wa rukuni ɗaya na tirela, ɗaya na damina.